Lady Araminta Ba Ta Gida

Ranar Juma'a Yaya Aubrey ya iso, saura kwana biyu a yi shelar aure ta uku a coci.

Ni na fara hango keken dokinsa ta tagar falo, na gane shi da tambarin gidanmu da ke jikin ƙofar. Shekara goma sha shida rabon da wannan tambari ya tsaya a ƙofar gidan da ƙanwata take ciki.

Na ce, "Minta, ga babban baƙo. Ki sa takalmi."

Ta ce, "Gidana ne, Yaya Philippa. Shi ya cire nasa."

Haka take tun tana yarinya. Mu biyu ne mata a wurin mahaifinmu, aka tattara kyan gidan kaf aka ba Araminta, ni aka bar ni da baki. Ban taɓa aure ba, ita kuwa ta yi wanda zai ishe mu mu duka har da ragi.

Na farko Lord Garsdon, wanda ta zaɓa da kanta tana da shekara goma sha takwas, kafin ta gane karnukan farautarsa da wata mace da ya ajiye a London sun riga ta shiga zuciyarsa. Ta yi haƙurin shekara bakwai. Ranar da haƙurin ya ƙare ba ta bi ta ƙofar baya ba, ta babbar ƙofa ta fita da rana tsaka, Kyaftin Rainsford yana riƙe da hannunta. Majalisa ta zauna ta raba auren, jaridu suka buga wasiƙunta ana karantawa a gidajen shayi. Kyaftin ya aure ta a Malta, zazzaɓi ya ɗauke shi bayan shekara huɗu. Sai wani Ba'italiye mai waƙa a Naples, shi ma ita ta rufe masa ido. Ko sau ɗaya ban ji ta zagi ɗaya daga cikinsu ba.

Abu ɗaya ne ta bari a gidan Garsdon da ba ta daina waiwayensa ba: Hester, 'yarta, mai shekara uku a lokacin. Doka ta ba uba. Duk ranar tara ga Afirilu, ranar haihuwar yarinyar, ko Minta tana wace ƙasa sai ta hau jirgin ruwa ta dawo, mu je ƙofar gidan tare. Ta ciro katinta, ta lanƙwasa masa kusurwa don a san da ƙafarta ta zo ba aike ta yi ba, ta miƙa wa mai tsaron ƙofa. Ya shiga, ya fito.

"Miss Hester ba ta gida, ranki ya daɗe."

Sau goma sha shida na ji wannan magana da kunnena. Wata shekarar ma muna jin dariyar yarinya daga saman bene.

Yanzu Lord Garsdon ya mutu, Minta tana da arba'in da ɗaya, muna zaune a ɗan ƙaramin gida a ƙauyen Ashlode, kuma ta sake faɗawa soyayya. Wannan karon Likita Tobias Penhale ne, ɗan mai injin niƙa, wanda ya zo duba ƙirjina da sanyin bara ya ƙare da barin nasa a hannun ƙanwata. Irinmu takardar izini muke karɓa daga bishop, babban limamin coci, a ɗaura aure shiru ba wanda ya ji. Minta ta ce ita a'a. A kira sunanta a coci Lahadi uku a jere, kamar na kowace mai tatsar nono, a tambayi jama'a ko akwai mai ja.

Ta ce, "An karanta sunana a bainar jama'a da abin kunya. Bari a karanta shi sau uku da abin arziki."

Tun shela ta farko matan manyan gidaje, waɗanda a da in sun hango mu sai su juya suna kallon shinge, suka fara tururuwa wai sun zo gaisuwa. Kallo suka zo yi. Ni kuwa na kira tsoho Jessop mai tsaron ƙofarmu na ja masa kunne: kowace mace ta zo, ko wace ce, kada ma ya shigo tambaya, ya ce Lady Araminta ba ta gida. Na ji daɗin wannan dabara tawa ƙwarai.

Yaya Aubrey ya shigo fuska a ɗaure, bai karɓi shayi ba, bai zauna ba. Ya tsaya ya ba murhu baya kamar yadda mahaifinmu yake yi.

Ya ce, "Araminta, ba ki gaji ba?"

"Da me, Yaya?"

"Da jan sunanmu a ƙasa. Soja muka haɗiye. Mawaƙi muka haɗiye. Yanzu ɗan mai niƙa, kuma a coci, da ƙarfi, gaban manoma."

Na ce, "Manoman ba su yi ƙorafi ba."

Ya ce, "Philippa, ba da ke nake ba."

"Ai ka daɗe ba da ni kake ba."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ciro safar hannunsa yatsa-yatsa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. An yi wa Hester baiko da Lionel, ɗan wani babban gida a arewa, biki a watan Yuni. Uwar yaron ta ji labarin shelar, ta fara ja da baya. Tun rasuwar Garsdon, Yaya Aubrey yana cikin masu riƙon yarinyar, maganarsa tana da nauyi.

Ya ce, "Ga abin da zan iya yi miki. Ki je wurin limamin coci kafin gobe da yamma ki ce a dakatar. Sir Humphrey Oake ya yarda ya aure ki shiru, ya rufa miki asiri da sunansa. Yana waje cikin keke, ƙafarsa ce ta kumbura. In kin yi haka, zan sa a bar ki ki ga Hester. Awa guda, a gidana. Ranar biki kuma a ba ki kujera a baya."

Na leƙa ta taga. Sir Humphrey ya jingina da ƙofar keke, baki a buɗe, yana sharar barci. Shekararsa sittin da takwas, ya binne mata biyu, kuma na tabbata gundura ce ta kashe su.

Na juyo ina shirin dariya, sai na ga fuskar Minta. Dariyar ta gushe.

Ta ce a hankali, "Awa guda."

"Awa guda."

"In taɓa ta?"

"In ta yarda."

"Ita ta ce a faɗa mini haka, Yaya? Ita ta ce aurena zai ɓata nata?"

Ya ce, "Hester yarinya ce mai tarbiyya. Ba ta ambaton sunanki."

Matar da ta tsaya gaban Ingila gaba ɗaya ba ta sunkuyar da kai ba, ranar na ga ta dafa kujera don kada ta faɗi.

Ta ce, "Ka ba ni zuwa gobe."

* * *

Likita Penhale ya zo da hantsi ranar Asabar, takalmansa duk taɓo, daga karɓar haihuwa a wata gona. Ya ɗaure dokinsa a bakin ƙofa ya shigo yana murmushi, da ɗan reshen furen tuffa a hannu. Minta ta ja shi zuwa ƙaramin falon baya. Ta ce in zauna, wai in ba na nan ba za ta iya ba. Na ɗauki saƙata na zauna a lungu, ban saƙa ko layi ɗaya ba.

Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Murmushin ya gushe. Ya ajiye furen a kan tebur.

Ya ce, "Humphrey Oake. Ni nake duba masa ƙafa. Sunan matarsa ta biyu ma ba ya tunawa."

"Ba sai ya tuna nawa ba."

"Awa guda, Minta. Za ki ba da sauran rayuwarki a kan awa guda?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

Ta ce, "Tobias, ban san kamanninta ba. In na gamu da ita a hanya sai in wuce ta. Ban san ko tana da tsawo ba, ban san muryarta ba. Na san dai tana da tabo a gwiwar hagu, don ni na ɗaure mata shi. Iyakar abin da na sani game da 'yata ke nan, tabo a gwiwa."

Ya dubi furen da ke kan tebur.

Ta ce, "Duk mazan da na so, na so su da gaske, ban ji kunyar ko ɗaya ba. Amma kai ne na farko da nake jin kamar na iso gida. Shi ya sa nake roƙonka kada ka roƙe ni. In ka roƙe ni zan zauna, kuma zan tsane ka daga baya."

Ya tashi ya je taga, ya ba mu baya. Ƙaton mutum ne, amma ina ganin kafaɗunsa suna rawa.

A daidai nan na ji ƙarar ƙafar keke a tsakuwa, aka kaɗa ƙararrawar ƙofa. Na ji muryar Jessop sama-sama, ƙofa ta rufe, keken ya juya. Na ce a raina, madalla, wata 'yar kallon ta koma da kunyarta.

Likita ya juyo, idonsa jajur.

Ya ce, "Da namiji ne ya shiga tsakaninmu, ko shi waye, da na yi faɗa har sai inda ƙarfina ya ƙare. Da 'yarki ba zan yi ba. Je ki gan ta."

"Ka yafe mini."

"Ban yafe ba tukuna. Ki ba ni lokaci." Ya yi ɗan murmushin da ya fi kuka ciwo. "In ciwon ƙirjin Lady Philippa ya tashi, ku kira wani likitan. Ni ba zan iya shigowa gidan nan ba."

Na ce, "Ƙirjina ba zai yarda da wani ba." Na faɗa ne don a yi dariya, sai na ji muryata ta karye.

Minta ta miƙe ta ce gara ta je wurin limamin yanzu, tun zuciyarta ba ta canza ba. Muka fito zaure mu uku. Tana miƙa hannu za ta ɗauki hularta, idonta ya faɗa kan farantin azurfa da ake ajiye katin baƙi.

Kati ɗaya ne a kai. An lanƙwasa masa kusurwa.

Ta ɗauka ta karanta. Ta miƙo mini. Miss Hester Garsdon.

Na ce, "Jessop, wa ya kawo wannan?"

"Wata budurwa, ranki ya daɗe. Ita da wata tsohuwar mai yi mata hidima, a keken haya daga tashar jirgin ƙasa."

"Me ka ce mata?"

Ya dube ni da mamaki. "Abin da kika ce in riƙa faɗa."

Minta ta ce, "Ta yarda?"

Tsohon ya fara gane abin da ya faru. "Ta ɗaga kai ta ga hayaƙi yana fita, ta ga dokin likita a ɗaure. Ina jin ta ji muryarki ma daga ciki. Sai ta ce, 'Na gane.' Ta lanƙwasa katin ta ba ni. Ta tambayi mai keken ko za su sami jirgin sha biyu da rabi."

Agogon zaure yana nuna sha biyu da minti goma. Tasha mil uku ce.

Yarinyar ta tako da ƙafarta bayan shekara goma sha shida, kuma da bakina na sa aka mayar mata da maganar da aka yi ta jifan uwarta da ita. Na buɗe baki in ba da haƙuri, ban ga wanda zan ba ba. Minta ta riga ta fita.

* * *

Dokin likita ta kwance, mai sirdin maza. Ta tattare rigarta ta gida har gwiwa, ta haye ta raba ƙafa kamar soja, ba hula, ba safar hannu, takalmin ɗaki ɗaya ya faɗi a tsakuwa. Ta sakar masa linzami.

Ranar kasuwar Ashlode ce. Har yau akwai tsofaffin da in ka zauna da su za su ba ka labarin yadda 'yar babban gida ta ratsa tsakiyar kasuwa gashi a warware, agwagi suna watsewa, matar limamin coci ta rufe wa 'ya'yanta ido. Ni da likita muka biyo ta a ƙaramin kekenmu, yana dukan ɗan dokina kamar ba mai jin ƙan dabbobi ba. Ina riƙe da hulata ina kuka, kuma ban ɓoye muku ba, ina alfahari da ita.

A gadar dutse ta tare su. Ko da muka iso ta gitta dokin a tsakiyar hanya ta sauko, tana tsaye cikin taɓo da ƙafa ɗaya ba takalmi. Mai keken haya yana ta mita. Ƙofar keken ta buɗe, budurwa ta sauko.

Doguwa ce. Haɓar Garsdon ce da ita, amma idon na Minta ne sak.

Suka tsaya suna kallon juna.

Hester ce ta fara. "An ce mini ba kya gida."

Na yi wuf na ce, "Laifina ne, 'yata. Ni ce Philippa, yayar mahaifiyarki. Ni na ba da wannan umarni saboda 'yan kallo. Ba ta san kin zo ba. In akwai wanda za a tsana, ga ni."

Ta dube ni, ta dubi ƙafar uwarta. Sannan ta buɗe jakar hannunta ta ciro wani ɗan ƙunshi da aka ɗaure da igiya.

Ta ce, "A teburin Baba na same su makon jiya, muna kwashe takardunsa. Goma sha shida. Katinki ne, duka an lanƙwasa. Ni an ce mini ba ki taɓa tambayata ba. Na ɗauka kin manta ranar da kika haife ni."

Minta ta ce, "Ƙarfe huɗu na yamma, ana ruwa."

Yarinyar ta cije leɓe. "Ban zo don in ce na yafe ba. Tambaya ɗaya na zo yi. Da kin san ba za su ba ki ni ba, da kin tafi?"

Na roƙi Allah a zuciyata Minta ta yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarta.

Ta ce, "Na ɗauka za su ba ni ke. Wauta ce, amma haka na ɗauka. In kuma kina son gaskiya duka, ban sani ba, Hester. Mutuwa nake yi a gidan nan. Mai yiwuwa da na tafi duk da haka. Ba zan ce miki ban yi laifi ba. Na yi, kuma ke kika biya."

Hester ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana riƙewa. Minta ta ɗaga hannu za ta taɓa ta, ta tsaya a tsakiya, ta mayar. Ba a ba ta izini ba.

Da yarinyar ta ɗan lafa, ta share ido ta dubi likita, wanda ya koma gefe yana riƙe da dokinsa kamar ba shi a wurin.

"Shi ne?"

"Shi ne. Amma kada ki damu, an fasa. Hanyar gidan limamin nake. Kawunki ya gaya mini komai, ba zan ɓata miki aure ba."

"Kawu ya gaya miki me?"

Minta ta faɗa mata: Sir Humphrey, awa guda, kujerar baya. Na ga fuskar yarinyar tana canzawa, har ta ɗaga haɓa yadda na sha gani a fuskar uwarta.

Ta ce, "Ba wanda ya tambaye ni. Ganina kuma ba na Kawu ba ne da zai yi ciniki da shi." Ta ja numfashi. "Kina sonsa?"

"Ina sonsa."

"To kada ki yi mini haka. Kin bar ni saboda namiji, na rayu da wannan ciwon. Kada yanzu ki bar namiji saboda ni, ki ɗora mini wani kayan. Ba zai dawo mini da shekara ko ɗaya ba."

"Lionel fa? Uwarsa?"

"In Lionel zai fasa saboda mahaifiyata ta auri likita a coci, gara in sani yanzu da in sani bayan Yuni."

Daga bayan tudu jirgin sha biyu da rabi ya yi kuka, muka ga hayaƙinsa yana tafiya. Tsohuwar da ke cikin keken ta leƙo ta ce sun rasa shi, sai na ƙarfe biyar. Hester ba ta ko waiwaya ba.

Ta ce, "Ƙafarki tana jini. Ki shigo in mayar da ke."

Muka koma a jere, keken haya a gaba, mu a baya, ta tsakiyar kasuwar da ba ta gama farfaɗowa ba. Likita kuwa duk hanya sai share hanci yake yi da bayan hannu. Ban san abin da suka faɗa wa juna a cikin keken ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Jessop yana tsaye a bakin ƙofa inda muka bar shi, da takalmin ɗaki ɗaya a hannu. Minta ta sauko za ta wuce ciki, sai Hester ta riƙe mata hannu. Karo na farko ke nan da ta taɓa ta.

Ta ce, "Tsaya. Ina so in sake daga farko."

Ta gyara hularta, ta hau matakala uku, ta tsaya gaban tsohon kamar yanzu ta iso.

"Lady Araminta tana gida?"

Jessop ya dubi uwargijiyarsa, tsaye a tsakuwa da taɓo har gwiwa da gashi a warware, tana kuka ba sauti. Ya dube ni. Na gyaɗa masa kai.

Ya buɗe ƙofar har bango.

"Tana gida, ranki ya daɗe. Wa zan ce ya zo?"

Hester ta ce, "Ka ce 'yarta ce."